Duane Allman: faifansa na farko ya kwanta a kasuwa, babur ya ɗauke shi yana da shekara 24

Ran 4 ga watan Nuwamba na 1969 wani faifai ya fito a Amurka. Waƙoƙi bakwai ne a ciki, duka-duka minti talatin da ƴan kai. Samari shida sunka yi shi, biyar farare ɗaya baƙi, kuma sunan ƙungiyarsu sunka sa ma faifan: The Allman Brothers Band. Kasuwa ba ta ko waiwaye shi ba. Abin da anka sayar da farko bai kai kwafi 35,000 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. A jerin faifan da mujallar Billboard ke fitarwa, lamba ta 188 ya kai ya tsaya. Yau kuwa in ana maganar kiɗan rok irin na kudancin ƙasar Amurka, daga wanga faifai ake fara lissafi.

Abin da ya sa munka ɗauko labarin shi ne, a nan gidan rediyo ba a rasa yaron da zai zo da kati a aljihu ko ya turo muna waƙarsa ta farko ta WhatsApp, daga Bazaga, daga Konni, daga Malbaza, wani lokaci har daga Illela. Mu sa ta sau ɗaya ko sau biyu, ba wanda ya buga waya ya ce a maimaita, sai yaro ya yi fushi ya ajiye jita. To ga labarin wanda ya haɗa waccan ƙungiya, Duane Allman.

An haife shi ran 20 ga Nuwamba 1946 a garin Nashville, jihar Tenesi. Ƙanensa Gregg ya biyo bayansa da shekara ɗaya. Ubansu Willis soja ne. Ran 26 ga Disamba 1949, kusa da Norfolk a jihar Bajiniya, wani mutum da ya rage ma hanya a mota ya yi masa fashi ya harbe shi. Duane na da shekara uku, Gregg biyu. Uwarsu Geraldine ita ta riƙe su. Don ta samu ta yi karatun aikin akanta, sai ta kai su makarantar kwana ta horon soja, wadda su duka biyu sunka ƙi jini. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ta kwashe su zuwa Daytona Beach a jihar Filorida, bakin teku.

Gregg ne ya fara jita. Ya yi tallan jarida ya tara kuɗi ya sayi wata mai arha a 1960. Duane lokacin hankalinsa na kan babur, yana da wani ƙaramin Harley. Sai ya fara ɗaukar jitar ƙanensa in ba ya nan, sunka riƙa faɗa a kanta, kuma ba a daɗe ba wan ya wuce ƙanen. Ya bar makaranta ya zauna gida yana bugawa dare da rana. Waɗanga abubuwa biyu, jita da babur, su ne sunka bi shi har ƙarshe.

Malaminsu na farko rediyo ne, kuma wanga ya yi muna daɗi da munka karanta. Akwai wata tasha a Nashville mai suna WLAC da ke sa kiɗan baƙaƙen Amurka da dare, bulus da makamantansa, kuma in rana ta faɗi muryarta na kai wa jihohi masu nisa, kamar yadda iyayenmu ke kama Kaduna da dare a nan. A zamanin nan kudancin Amurka na ƙarƙashin dokar wariya: makarantar baƙi dabam, gidan abinci dabam, har famfon shan ruwa dabam. Amma iska ba ta san wariya ba. Yaran farare biyu sunka girma suna jin B.B. King da Muddy Waters a ɗakinsu, har sunka je sunka ga B.B. King ido da ido a Nashville. Daga baya a Daytona sunka riƙa ƙetarawa unguwar baƙaƙe suna kiɗa tare da su, abin da ba kowane maƙwabci ke so ba.

Sun yi ƙungiyoyi kafin su dace. Akwai Allman Joys, sannan Hour Glass, wadda kamfanin Liberty ya kai Los Anjelis a 1967. Can anka zaɓa musu tufafi, anka zaɓa musu waƙoƙi masu laushi irin waɗanda kamfani ke ganin za su sayu. Faifai biyu sunka yi, ba wanda ya tafi. Duane ya tattara ya koma kudu a 1968, ya bar Gregg can yana biyan bashin yarjejeniya.

A wannan tsakanin ne ya samu abin da ya zama muryarsa. Yadda Gregg ya riƙa ba da labarin, Duane na kwance ba lafiya, sai ya kai masa kwalbar maganin mura mai suna Coricidin da faifan farko na wani mawaƙin bulus, Taj Mahal. Duane ya zubar da ƙwayoyin, ya wanke kwalbar, ya sa ta a yatsa, ya riƙa bin wata waƙa ta cikin faifan, Statesboro Blues. Bari mu yi bayani ga wanda bai taɓa riƙe jita ba. A wuyan jita akwai ƴan ƙarafa da anka jera, su ke yanka sauti gida-gida, sai ka yi tsalle daga wanga gida zuwa wancan. In ka sa kwalba a yatsa kana goga ta bisa tsirkiya, ka tsallake waɗanga ƙarafa ke nan, sauti ya riƙa zamewa yana lanƙwasa kamar muryar mutum mai kuka. Mu nan wanga ba baƙon abu ba ne. Haka mai goge ke yi, tunda goge ba shi da ƙarafa a wuya, shi ya sa ake cewa goge na magana. Salon kwalba na tsofaffin makaɗan bulus ne, baƙaƙen jihar Misisipi, jikokin bayin da anka kwaso daga Afirka ta Yamma. Duane bai ƙirƙiro shi ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗora shi bisa jitar lantarki da ƙarfi da tsabtar sauti irin wanda ba a saba ji ba. Shi kuwa Taj Mahal, daga baya ya yi faifai tare da Toumani Diabaté na Mali a 1999, ya kawo kayan gida.

Ƙarshen 1968 ya sauka wani ƙaramin gari a Alabama, Muscle Shoals, inda Rick Hall ke da situdiyo mai suna FAME. Manyan mawaƙa baƙaƙe na zuwa can ɗaukar murya, makaɗan gidan kuma yawancinsu farare. Wata rana ana aiki da Wilson Pickett, sauran sunka fita cin abinci. Pickett baƙi ne, Duane kuma ga gashi har kafaɗa, kuma a garin a lokacin duka biyun ba abin da ake maraba da shi ba ne a gidan abinci. Sai sunka zauna su biyu. Nan Duane ya lallashe shi ya rera Hey Jude, waƙar Beatles da ke tashe a lokacin. Pickett ya yi gardama, daga baya ya yarda. Abin da Duane ya buga a ƙarshen waƙar shi ya buɗe masa ƙofa. Jerry Wexler na kamfanin Atlantic ya ji, ya sa shi a aikin Aretha Franklin da King Curtis. Eric Clapton ya ji daga nesa ya nemi sanin ko wane ne. Pickett ne kuma ya laƙaba masa suna wanda daga baya ya zama Skydog.

Aikin situdiyo na da kuɗi, kuma da ya zauna da ya ƙoshi. Amma zaman jiran a kira ka ka buga ma wani bai kwanta masa ba. Phil Walden, wanda ya riƙe harkokin Otis Redding har jirgi ya faɗi da shi a Disamba 1967, ya ɗauke shi da niyyar gina masa ƙungiya. Mutum na farko da Duane ya jawo shi ne Jai Johanny Johanson, wanda ake kira Jaimoe, baƙi mai ganga wanda ya taɓa yi wa Otis Redding kiɗa. Ku tuna shekarar: Martin Luther King bai cika shekara da kashewa ba. Ƙungiyar farare ƴan kudu da baƙi a tsakiyarta, suna kwana ɗaki ɗaya suna cin kwano ɗaya, abin kallo ne a hanya, wani wurin abin tsoro.

A watan Maris 1969 a Jacksonville sauran sunka haɗu: Berry Oakley mai jitar bas, Dickey Betts mai jita ta biyu, Butch Trucks mai ganga ta biyu. Walden ƴan uku ya yi tsammani, sai ga mutum shida. Masu ganga biyu a ƙungiya ɗaya, a rok abin mamaki ne, ko da yake duk wanda ya taɓa tsayawa dandalin kokowa ya ga makaɗa na amsa ma juna ba zai ga wani abin mamaki ba. Abin da ya rage murya. Duane ya buga waya Los Anjelis ya kira ƙanensa, Gregg ya iso ran 26 ga Maris. Daga nan sunka koma Macon a jihar Jojiya, garin Otis Redding da Little Richard, inda Walden ke kafa kamfaninsa na Capricorn.

Talauci sunka tarar. Gida ɗaya, katifu a ƙasa. Wata mata baƙa, Mama Louise Hudson, mai gidan abinci da ake kira H&H, ita ta riƙa ciyar da su bashi in aljihu ya bushe, kuma ba su manta da ita ba da sunka samu. Da dare sukan tafi maƙabartar Rose Hill da ke bakin kogi su zauna suna bugawa. Jaimoe ya riƙa sa musu faifan Miles Davis da John Coltrane, manyan jaz, inda makaɗi ke ɗaukar ɗan guntun sauti ya yi ta yawo da shi minti goma bai maimaita kansa ba. Sukan kuma tafi Atlanta su yi wasa kyauta a filin shaƙatawa na Piedmont.

Watan Agusta 1969 sunka hau zuwa Niyok, situdiyon Atlantic. Sun so Tom Dowd ya riƙe aikin, bai samu lokaci ba, sai anka ba Adrian Barber. Cikin kusan mako biyu anka gama komai, ɗauka da tacewa. Waƙoƙi biyar Gregg ya rubuta, biyu na aro ne, ɗaya daga cikinsu ta Muddy Waters, Trouble No More. Biyu na ƙarshe su ne zuciyar faifan. Dreams tana tafiya a hankali minti bakwai, kamar raƙumi da kaya, kuma a tsakiyarta Duane ya ɗauki kwalba ya yi abin da har yau masu koyon jita ke zama su warware. Ta ƙarshe ita ce Whipping Post, sunan gungumen da ake ɗaure mutum a yi masa bulala, kuma duk ɗan kudancin Amurka ya san su wa anka ɗaure a irin wanga gungume. Gregg ya ce cikin dare ta zo masa ba alƙalami kusa, sai ya rubuta ta da ƙonannen ashana bisa ƙyallen teburin guga. Berry Oakley ya buɗe ta da bas a wani ƙidayar bugu goma sha ɗaya, wanda ke sa ƙafar mai rawa ta yi tuntuɓe kafin ta gane hanya.

To me ya hana shi sayuwa? A ganinmu dalili biyu ne. Gidajen rediyon da ke sayar da faifai a lokacin waƙar minti uku suke so, mai amshi da yaro zai kama nan take, kuma babu irinta a ciki. Na biyu, abin da waɗanga samari ke da shi a gaban jama'a yake fitowa. A situdiyo an matse Whipping Post cikin minti biyar, kamar a ce ma makaɗin fada ya yi wa sarki kirari cikin numfashi ɗaya. Faifan na da kyau, mun saurare shi mun sake, amma kana jin mutane ne da anka sa ma linzami.

Manyan kamfani sunka ba da shawarar da anka saba: su bar kudu su koma Niyok ko Los Anjelis a gyara su. Duane ya riga ya sha wanga magani a zamanin Hour Glass. Sunka ƙi, sunka zauna Macon. Abin da sunka yi maimakon haka shi ne hanya. A 1970 kaɗai sun yi wasa sama da 300, da farko cikin wata ƴar motar kaya ƙirar Ford, mutane da ganguna da lasifika a cunkushe. Gari-gari sunka tara masu saurare da hannu, kamar mai tara gero zangarniya-zangarniya. Wanga ya tuna muna da namu na jihar Tawa, Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Ba kanti ne ya yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya ya bi, kati zuwa kati, har ya ƙetare teku.

Faifai na biyu, Idlewild South, ya fito a Satumba 1970, ya ɗan fi na farko tafiya. A watan Agusta na shekarar Eric Clapton na Miyami yana aikin faifan Layla, sai Tom Dowd ya kai shi kallon wasansu. Daren nan sunka wuce situdiyo tare, kuma Duane ya buga a yawancin waƙoƙin faifan, har da kukan kwalbar nan da ke ƙarshen waƙar Layla kanta. Clapton a lokacin sunansa ya cika duniya. Ya nemi Duane ya zauna cikin ƙungiyarsa. Ku auna: ga yaro mai shekara 23, faifansa na farko ya faɗi, na biyu bai fito ba tukuna, ana binsu bashi, ga kuma babbar ƙofa a buɗe. Ya yi wasa kaɗan da su ya koma wurin mutanensa biyar. Mu a wurinmu nan ne halin mutumin ya fito fili fiye da ko'ina.

A watan Maris 1971 sunka yi abin da ya kamata tun farko: anka kawo na'ura anka ɗauki wasansu a gaban jama'a, a zauren Fillmore East na Niyok, ranakun 12 da 13. Whipping Post da ke minti biyar ta zama sama da minti ashirin, ta cinye fuska guda ta faifai. At Fillmore East ya fito a watan Yuli, ya hau har lamba ta 13, kuma a watan Oktoba cinikinsa ya kai matsayin da ake ba faifai lambar zinare. Waƙar da kasuwa ta ƙi a 1969 ita ce mutane ke ihu suna roƙo a 1971.

Ba za mu rufe muku ɗayan gefen ba. Hanyar nan da ta gina su ta ci su. Ƙwaya ta shiga ƙungiyar sosai, har da hodar nan mai kama jiki da ake kira heroyin, kuma Duane na ciki dumu-dumu. A watan Oktoba 1971 shi da Berry Oakley da wasu ma'aikatansu biyu sunka kwanta wani asibiti a Buffalo don a raba su da ita. Yana da ƴa ƙarama, Galadrielle, wadda anka haifa a 1969, kuma zamansa da uwarta ya riga ya watse. Yarinyar ta tashi ba ta san shi ba, sai da ta girma ta bi abokansa ɗaya-ɗaya tana tambaya, ta rubuta littafi a kansa a 2014. Watanni biyu kafin asibitin ya je jana'izar abokinsa King Curtis, wanda anka soke da wuƙa a ƙofar gidansa a Niyok.

Ran 29 ga Oktoba 1971, kwanaki kaɗan da dawowarsa Macon, ya je gidan da ƙungiyar ke zama taya matar Berry Oakley murnar ranar haihuwarta. Da yamma ya hau babur ɗinsa, Harley-Davidson, ya kama titin Hillcrest da gudu. A mahaɗar titin Bartlett wata babbar mota mai ɗauke da injin ɗaga katako ta shiga gabansa tana juyawa, ta tsaya. Ya kauce bai kuɓuta ba. Ya faɗi, babur ya tashi sama ya sauko bisa kansa ya ja shi a kwalta. An kai shi asibiti da rai, likitoci sunka yi aiki, bayan ƴan awoyi ya cika saboda raunin ciki. Saura mako uku ya cika shekara 25.

Duk wanda ke bin babbar hanya tsakanin Konni da Malbaza, inda kamiyon siminti da na albasa ke gogayya da ƴan kabu-kabu, ya san wanga hoto ba sai an zana masa ba. Amma abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya muna a rai. Berry Oakley bai sake zama daidai ba bayan mutuwar abokinsa. Ran 11 ga Nuwamba 1972, shekara ɗaya da kwana goma sha uku, ya yi karo da motar bas ta gari a kan babur ɗinsa, layi uku kacal daga inda Duane ya faɗi. Ya tashi da ƙafafunsa. Anka ce a kai shi asibiti ya ƙi, ya ce gida zai tafi, anka kai shi gida. Ashe ƙoƙon kansa ya tsage, ƙwaƙwalwa na kumbura a hankali. Bayan kamar awa uku ya fara rikicewa, anka ruga da shi asibiti, can ya rasu. Shi ma shekararsa 24. Mun sha ganin irinta a nan: yaro ya faɗi ba kaske a kai, ya tashi ya kakkaɓe wando ya ce ba komai, da dare a ji kuka a gidansu.

Ƙungiyar ba ta watse ba. Sun ƙarasa faifan da sunka fara da Duane, Eat a Peach, ya fito a Fabrairu 1972, kuma a ƙarshensa akwai wani ɗan gajeren kiɗa na jitar katako, Little Martha, wanda shi kaɗai ne Duane ya tsara shi kaɗansa a duk faifan ƙungiyar. A 1973 Brothers and Sisters ya hau lamba ta ɗaya a Amurka. Bayansu ƙungiyoyin kudu sunka yi ta fitowa, irin su Lynyrd Skynyrd da Marshall Tucker, ba tare da an ce sai sun bar gida ba. A 2003 mujallar Rolling Stone ta jera manyan masu jita ɗari, ta sa Duane na biyu, bayan Jimi Hendrix. Duk abin da anka auna shi da shi aikin shekara uku ne.

Shi kuwa faifan nan na farko, a 1973 kamfani ya haɗa shi da na biyu a fakiti ɗaya anka sa masa suna Beginnings. Waƙoƙin nan ne dai da anka ƙi saye, sai ga su sun samu lambar zinare, mai su na kabari shekara biyu. An binne Duane da Berry gefe da gefe a Rose Hill, maƙabartar da sunka riƙa zama suna bugawa lokacin da ba su da kuɗin abinci. Gregg ya rasu a watan Mayu 2017 anka kai shi kusa da su.

Za mu sa muku Dreams a shirinmu na dare, dukanta, minti bakwai ba yankewa. Masu goge da masu gurmi na yankinmu, ku kasa kunne daga tsakiyarta, inda kwalba ke shiga, ku buga muna waya ku gaya muna abin da kunka ji.